Jere Babu Amarya: Tarihin Gidan Samfur

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san jere. Kwana ɗaya ko biyu kafin a kai amarya, gwaggwanni da yayye da ƙawaye za su ɗunguma zuwa gidan ango, a kafa gado, a shimfiɗa leda ko kafet, a rataya labule, a jera kwanoni da tangaran cikin kabad, sannan a buɗe ƙofa ga 'yan ganin ɗaki. Kowa ya shigo sai ya yaba, ya ce lallai iyayen yarinya sun yi ƙoƙari. Amma duk cikinmu babu wanda bai san cewa kyan ɗaki daban, zaman aure daban ba, kuma gado mai rumfa bai taɓa hana rufi yoyo ba.

Na kawo wannan ne don in sauƙaƙa wa mai karatu fahimtar wata sana'a da ta yi ƙarfi a Amurka, ta kuma bazu a duniya. Akwai mutanen da hanyar cin abincinsu ke nan, wato yin jere a gidan da babu amarya, babu ango, babu ma wanda zai kwana a ciki. Kamfani zai gina sabuwar unguwa ko dogon bene, sai ya ware gida ɗaya, ya ɗauko ƙwararru su cika shi da kujeru da gadaje da labule da tukwane, har da littattafai a kan kanta, domin mai niyyar saye ya shiga ya ga irin rayuwar da ke jiran sa. Wannan shi nake kira gidan samfur. Abin da nake so in nuna a wannan rubutu shi ne, gidan samfur ya faro ne a matsayin makaranta, daga baya ya rikiɗe ya koma kasuwa, kuma da ya iso benayen haɗaka na zamani sai tazarar da ke tsakanin abin da ake nuna wa mutum da abin da yake saye ta yi faɗin da har takan ci rayuka.

Lokacin da yake makaranta

Bari mu fara daga Landan. A tsakiyar ƙarni na 19 talakawan birnin suna cikin wani irin cunkoso, iyali guda a ɗaki ɗaya, babu ruwa mai tsabta, babu makewayi na kirki. Annobar kwalara ta 1848 zuwa 1849 kaɗai ta kashe mutum fiye da 14,000 a birnin. To da aka zo yin babban baje-kolin duniya na shekarar 1851, sai Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, wanda yake shugabantar wata ƙungiya mai neman kyautata rayuwar leburori, ya sa aka gina wani ɗan bene kusa da filin baje-kolin. Wani mai zanen gine-gine, Henry Roberts, shi ya tsara shi. Iyali huɗu zai ɗauka, biyu a ƙasa biyu a sama, kowane iyali da falonsa, da wurin wanke-wanke, da banɗaki mai ruwa, da ɗakunan kwana uku, na iyaye daban, na yara maza daban, na yara mata daban.

Kimanin mutum 250,000 ne suka shiga suka gani. Sai dai ba sayar da shi ake yi ba. Masu kuɗi ake so su gani da idonsu cewa ana iya gina wa talaka muhalli na mutunci, kuma a ci riba. Gani ya kori ji. Bayan an tashi daga baje-kolin aka kwashe ginin aka sake kafa shi a lambun Kennington da ke kudancin Landan, kuma yana nan tsaye har yau.

A shekarar 1908 jaridar Daily Mail ta fara nata baje-kolin na kayan gida a Landan. Nan kam kasuwa ta fara leƙowa, domin jarida talla take nema, masu kujeru da murhu kuma ciniki suke nema. A Amurka kuwa, a 1922 wata editar mujallar mata mai suna Marie Meloney ta kafa gangamin kyautata gidaje, Herbert Hoover, sakataren kasuwanci na lokacin wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya mara mata baya. A garuruwa da dama kwamitin mata kan samu gida ɗaya, su aro kaya daga kantuna, su yi jere daidai ƙarfin mai matsakaicin samu, su buɗe wa jama'a na mako guda. Niyyarsu koyarwa ce. Amma magina da masu kantuna sun lura da wani abu: mutumin da ya shiga kango yakan fara lissafin kuɗi, wanda ya shiga ɗakin da aka yi wa jere kuwa yakan fara tunanin inda zai ajiye gadon 'ya'yansa.

Levitt ya mai da shi kasuwa

Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, miliyoyin sojojin Amurka suka dawo gida, suka yi aure, suka rasa wurin zama. Gwamnati ta tsaya musu a kan bashin sayen gida, saura wanda zai gina. A nan ne William Levitt da mahaifinsa Abraham da ƙanensa Alfred suka shigo. Suka sayi gonakin dankalin Turawa a tsibirin Long Island da ke jihar Niyok, suka karkasa aikin gini zuwa matakai 27, kowace ƙungiyar ma'aikata da abu ɗaya da take yi daga wannan fili zuwa wancan. A ganiyar aikin sukan kammala gida 30 a rana. Tsakanin 1947 da 1951 sun gina gidaje 17,447, aka sa wa garin suna Levittown.

Tunda gidajen kusan duk iri ɗaya ne, gida guda da aka yi wa jere ya isa ya tsaya a madadin dubbai. Mutane kan yi layi su shiga su gani, su fito su sa hannu a kan gidan da ko harsashinsa ba a haƙa ba. A 1949 kuɗin gida dala 7,990 ne, a ciki har da firji da murhun lantarki da injin wanki na Bendix. A 1950 aka ƙara da talabijin ta Admiral wadda aka kafe a jikin bango. Dabarar ita ce, duk abin da aka kafe a gini ya zama ɓangaren gida, don haka kuɗinsa ya shiga cikin bashin shekara 30. Ka ga ke nan kayan ɗaki sun tashi daga ado, sun zama ƙugiyar kama mai saye.

Amma akwai abin da jeren Levitt bai nuna ba. A cikin takardun yarjejeniya an rubuta cewa farar fata kaɗai za su zauna a garin. Baƙin sojan da ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da sauran yana iya kallon labule da firji, amma ba za a sayar masa ba. A 1948 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kotuna ba za su tilasta bin irin wannan sharaɗi ba, duk da haka kamfanin ya ci gaba da ƙin sayarwa. A 1957, lokacin da William Myers da matarsa Daisy, baƙaƙen fata, suka sayi gida daga hannun wani mazauni a Levittown ta jihar Pennsylvania, sai da gungun mutane suka yi ta taruwa a ƙofarsu suna jifa. Tun daga nan ya kamata a gane cewa abin da ya fi muhimmanci a cinikin gida yana cikin takarda, ba a falo yake ba.

Gardama a kicin

Gidan samfur da ya fi kowanne suna a tarihi a birnin Mosko aka kafa shi. A 1959, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka ta kai baje-kolinta filin Sokolniki, a ciki har da cikakken gida wanda aka ce kuɗinsa dala 14,000 ne. Kantin Macy's ya yi jeren, kamfanin General Electric ya haɗa kicin, aka raba gidan biyu da hanya a tsakiya domin jama'a su bi suna kallon hagu da dama. Ranar 24 ga Yuli, mataimakin shugaban Amurka Richard Nixon da shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev suka tsaya a gaban wannan kicin suka yi ta sa-in-sa. Nixon ya nuna cewa ma'aikacin masana'antar ƙarfe ma yana iya mallakar irin wannan gida da biyan kusan dala 100 a wata. Khrushchev ya mayar masa da cewa gidajen Amurka shekara 20 kawai ake gina su su yi, don magina su sake sayar da wasu, su kuwa saboda 'ya'ya da jikoki suke gini. Kowanne cikinsu farfaganda yake yi, amma a ganina tambayar da ta fito daga bakin Khrushchev, wato shekara nawa ginin zai yi, ita ce tambayar da gidan samfur bai taɓa amsawa ba har yau.

Kamfanin da ya gina gidan Mosko bai bar sunan da ya samu ya tafi a banza ba. A 1963 zuwa 1964 ya fito da gidajen hutu masu suna Leisurama, aka kafa samfurinsu sukutum a hawa na tara na kantin Macy's da ke birnin Niyok. Wanda ya saya zai tarar da komai a ciki, daga gado da zanin gado da tawul da faranti har buroshin goge baki. An gina kimanin 200 a Montauk. Wato dai gida ya zama haja irin ta kanti, a ɗauka a biya.

Zuwan benen haɗaka

To mene ne kondo? Kalmar kondominiyom daga Latin take, ma'anarta mallakar haɗin gwiwa. Mutum zai sayi sashe ɗaya a cikin bene, a ba shi takardar mallaka da sunansa. Abin da ke cikin bangayensa huɗu nasa ne shi kaɗai. Amma ƙasar da aka yi ginin, da harsashi, da ginshiƙai, da rufi, da matakala, da na'urar hawa bene, da wurin ajiye motoci, duk na haɗaka ne tsakaninsa da maƙwabta. Su za su zaɓi kwamiti, su riƙa biyan kuɗin hidima duk wata, in gyara ya taso a raba musu.

Tsarin ya daɗe a Turai. Kundin dokokin Napoleon na 1804 ya amince mutum ya mallaki hawa ɗaya a bene, Beljiyam kuma ta yi doka ta musamman a 1924. A ɓangaren Amurka tsibirin Puerto Rico ne ya share hanya da dokarsa ta 1958. A 1960 aka gina Graystone Manor a birnin Salt Lake City, wanda ake ɗauka a matsayin kondo na farko a babban yankin ƙasar. A 1961 majalisar dokoki ta yarda hukumar gidaje ta tarayya ta tsaya wa masu cin bashi don sayen irin waɗannan sassa, kuma kafin shekarun 1960 su ƙare kowace jiha ta yi tata dokar.

Jihar Fulorida ce ta fi kowa rungumar abin. Tsofaffin da suka yi ritaya a Niyok da sauran garuruwan sanyi suka riƙa kwararowa neman rana da bakin teku. A ƙarshen shekarun 1960 aka buɗe Century Village a West Palm Beach, ɗan wasan barkwanci Red Buttons yana yi masa talla. A irin waɗannan wurare ne aikin masu jere ya zama dole, saboda dalili biyu. Na farko, wanda ya saba da gida mai tsakar gida za a ce ya koma ɗaki biyu da falo a sama, sai an nuna masa cewa zai wadace shi. Na biyu, galibi ana fara sayarwa tun kafin a yi ginin, don haka samfurin ne kaɗai abin da mai saye zai taɓa da hannunsa.

Yadda ake jeren

Masu wannan sana'a ba da ka suke aiki ba. Kafin su sayi ko cokali, sai sun zauna da kamfani sun tantance wanda ake so ya saya: tsoho da tsohuwa ne, ko sababbin aure, ko attajirin da ke neman wurin hutu. Daga nan sai su ƙirƙiro iyali na ƙarya, su yi wa gidan jere kamar nasu ne. Ɗakin yaro a sa ƙwallo da riga a rataye, ɗakin yarinya a sa 'yar tsana, a teburin cin abinci a jera faranti kamar yanzu za a zubo tuwo.

Sai kuma dabarun faɗaɗa ɗaki a ido. Akan zaɓi kujeru da gadaje masu ɗan ƙaramin jiki, da tebur na gilashi wanda ido ke ratsawa. Akan kafa manyan madubai, a shafa fenti mai haske, a rataya labule tun daga silin don bango ya yi kamar ya fi tsawo, a kunna kowace fitila ko da rana tsaka. Wasu har ƙyauren ɗakuna suke cirewa, domin ƙofa in ta buɗe tana cin wuri. A kabad ɗin tufafi riga uku ko huɗu za ka gani, ba tulin kayan da mutum na gaske ke da su ba. Sau da yawa talabijin da kwamfutar da ke kan tebur kwali ne ko roba. Babu tsintsiya, babu bokiti, babu kwandon shara, babu takalman yara a bakin ƙofa.

Abu na uku shi ne ƙari. Tayil mai tsada da dutsen kan kantar kicin da fitilun da suka burge ka, akasari ba sa cikin farashin da aka rubuta a allo, sai ka ƙara kuɗi. In kuwa benen ba a gina shi ba tukuna, a ofishin sayarwa ake haɗa samfurin a ƙasa, a manna hoton teku a bayan taga, wai abin da za ka riƙa hangowa ke nan daga hawa na talatin. Ni ban ɗauki duk wannan a matsayin zamba ba. Kwalliya ce, kuma mai haja yana da damar yi wa hajarsa kwalliya. Matsalar ita ce jeren yana nuna maka abin da za ka mallaka kai kaɗai, ya yi shiru a kan abin da za ku mallaka tare, alhali na haɗakar ne ke riƙe da kai a sama.

Abin da labule ke rufewa

Mutanen Fulorida sun fara ɗanɗana wannan tun a shekarun 1970. Da yawa sun sayi sashe suna zaton wurin ninƙaya da zauren shaƙatawa da aka zagaya da su nasu ne, sai daga baya suka gane kamfani ya riƙe su, ya ba su haya ta shekara 99, kuɗin kuma yana hawa tare da tsadar rayuwa. Sai da majalisar jihar ta sa baki a tsakiyar shekarun ta hana irin wannan ƙarin.

Mafi muni ya zo ranar 24 ga Yunin 2021. Da misalin ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna na dare, wani ɓangare na benen Champlain Towers South da ke garin Surfside kusa da Miami ya rufta, mutum 98 suka mutu. Bene ne mai hawa 12 da sassa 136, an kammala shi a 1981, yana kallon teku. Tun a 2018 injiniyan da mazauna suka ɗauka ya rubuta musu cewa kankaren da ke ƙarƙashin dandalin wurin ninƙaya ya lalace sosai, ruwa yana ratsa shi. Aka yi ta kai-komo a kan kuɗi, sai a watan Afrilun 2021 aka tsayar da gyaran kusan dala miliyan 15, wanda kason kowane mai sashe ya kama daga dala 80,000 zuwa fiye da 300,000. Ba a kai ga babban aikin ba ginin ya faɗi. Binciken farko na hukumar gwamnatin tarayya ya nuna cewa tun asali dandalin bai kai ƙarfin da ƙa'ida ta tanada ba, sannan aka ƙara masa nauyi da manyan tukwanen furanni da duwatsun daɓe. Tun ran gini tun ran zane. A 2022 Fulorida ta yi dokar da ta wajabta binciken injiniya ga benaye masu hawa uku zuwa sama idan sun kai shekara 30, da kuma tara kuɗin gyara a asusu.

Wannan na ginin da ya tsufa ke nan. Akwai kuma haɗarin ginin da ba a yi ba, wato cinikin biri a sama. A ƙasar Sin, inda sayar da gida kafin a gina ya zama ruwan dare tun daga shekarun 1990, kamfanin Evergrande ya tara bashin fiye da dala biliyan 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021, ya bar gine-gine barkatai a tsaye. A watan Yulin 2022 masu saye a ɗaruruwan unguwanni suka yi barazanar daina biyan banki, tunda suna biyan bashin gidan da samfurinsa kawai suka taɓa gani. A watan Janairun 2024 wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe kamfanin a sayar da kadarorinsa.

Mu ma abin ya iso mu, domin kamfanonin gidaje a Abuja da Legas sun ɗauki wannan salo na sayarwa tun gini yana kan takarda. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi, wanda aka yi ta tallar sassansa a matsayin na alfarma, ya rushe ya kashe mutum fiye da 40, har da mai kamfanin.

Kammalawa

Ba cewa nake yi a guji gidan samfur ba. Yana da amfaninsa, yana nuna maka yadda za ka tsara ƙaramin wuri, kuma ko ba ka saya ba ka ƙaru da dabara, kamar dai yadda matan 1922 suka yi niyya. Shawarata ga duk ɗan uwan da ya tara guminsa, a gida yake ko a ƙetare, ita ce ya shiga da igiyar awo a aljihu, ya auna ɗaki da kansa. Ya tambaya a rubuta masa abin da ke cikin farashi da abin da yake ƙari. Ya nemi ganin takardar fili da izinin gini da sunan injiniyan da ke duba aikin. Ya tambayi inda kuɗin da ya fara biya zai zauna kafin a miƙa masa makulli, da abin da zai faru in an saɓa lokaci. Ya tambayi nawa ne kuɗin hidima, wa ke da ikon ƙara shi, wa ya mallaki rijiyar burtsatse da janareta da wurin ajiye motoci. In da hali ya je wani ginin da kamfanin ya yi shekara biyar ko goma da suka wuce, ya gaisa da mazauna, ya ɗaga kai ya dubi silin ɗinsu bayan damina.

In mai sayarwa ya amsa waɗannan ba tare da ɓata rai ba, to sai a koma falo a yaba labule. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.